Fankar Da Ta Zo Da Goro

Salama gare ku 'yan uwana masu bin labarina. Ku yafe mini shirun da na yi. Saƙonninku duk na gani, masu tambayar ko lafiya da masu yi mini tsiya cewa na yi aure na manta da ku. Ban yi aure ba. Amma saura kaɗan a ɗaura mini shi da kwalin fanka, kuma shi ne abin da zan ba ku yau.

Ga wadda ta shigo sabuwa: sunana Raliya, malamar lakwal ce ni, wato makarantar boko, a Dungas. Mijina Khalil ya rasu, Allah ya jiƙan shi, ya bar ni da 'ya ɗaya, Salima, mai ciwon sikila, da wata tsohuwar ƙaramar mota kat-kat ruwan toka. Bayan na fita takaba na koma ɗakin Innata. Ranar rabon gado, yayan mijina, Yaya Tsoho, wanda ke noma da kiwo a Guci, shi ya ce a bar motar a rabon yarinya, kar a sayar. A ranar kuma ya kafa mini sharaɗi a gaban kowa.

"Muddin kina ɗakin uwarki, yarinya tana hannunki. Ranar da kika yi aure, ta dawo gidan ubanta. 'Yar Khalil ba ta agolanci."

Na ce to. A lokacin ko kalmar aure ba na son ji.

Mutanen gari suna ce mini Madam mai tuƙi, wasu da yabo, wasu da taɓe baki. Ba don gayu nake riƙe da motar nan ba. Likitan da ke duba Salima a Magariya yake. Idan ciwon ya tashi, ƙasusuwanta ne ke ci, ko zane ka taɓa mata sai ta yi ƙara. Yarinya a wannan hali ba a ɗora ta kan kabu-kabu a hanyar yashi, motar tasha kuwa ba ta tashi sai ta cika. Shi ya sa marigayi ya koya mini tuƙi a filin ƙwallo, ya matsa mini har na ciro permi, takardar izinin tuƙi.

To, a tsakiyar bazarar nan muna dawowa daga randebu, wato ganin likita, rana ta take, muka shiga wani wuri mai yashi mai zurfi inda mota ke tafiya kamar ana jan ta da igiya. Sai na ji ƙaurin waya. Na duba allurar zafi, ta haye har ja. Kafin in kai gindin wani gawo, tururi ya fara fita ta gefen kapo, murfin inji.

Na kashe, na buɗe kapo, na ja baya. Da ya lafa na kunna makulli na leƙa. Fankar da ke bayan lagireto, wadda ke jawo iska tana sanyaya ruwan inji, tana tsaye cik. Na ɗan tura ta da kara, ta juya da ƙyar ta sake tsayawa.

"Mama, motar Baba zazzaɓi take yi?"

"Zazzaɓi ne, uwata. Sha ruwanki."

Bidon ɗaya ne da ni na ruwa. Likita ya ce kar Salima ta yi ƙishi ko na ɗan lokaci, mota kuma ta zubar da nata. Na cika gorar yarinya, na ɓoye a ƙarƙashin kujera, na juye sauran a lagireto. Na ɗaga waya sama ina neman rezo don in yi kira, babu. Ina tsaye da hannu a sama sai na tambayi kaina, to ko da akwai, wa zan kira? Na bi sunayen da ke wayata daga sama har ƙasa. Lambar Khalil tana nan, ban goge ba. Na zauna a yashi na ɗora Salima a cinya ina yi mata fifita da bakin hijabi, ba motsin kowa sai kurciya.

Wata baiwar Allah ce ta ɓullo daga rijiya da jakunanta, ta sauke mini jarka ɗaya ba ta ko tambayi sunana ba. Haka muka lallaɓa, mu yi gaba kaɗan mu tsaya, har garejin Sallau.

Sallau ya ciro fankar, ya shinshina ta, ya girgiza kai.

"Madam, wannan ta gama aiki. Injinta ya ƙone ƙurmus."

"Ba a sake naɗe mata wayar inji?"

"An taɓa naɗe ta tun marigayi yana nan, ni na kai. Ba ta ɗaukar na biyu. Sai sabuwa, da gidanta gaba ɗaya. Kuma irin motar nan taki ba ta da yawa a nan. Kar ki kuskura ki sake hawa da ita haka, inji za ki kashe."

Ya kira Magariya, babu. Ya kira wani abokinsa mai sayar da piyas, kayan gyaran mota, a Damagaram, ya ce a jira, ba a san ranar ba. Sallau ya ce sai dai Kano.

A nan ne Tijjani ya shigo. Tsofaffin masu karatu sun san shi. Ɗan kasuwa ne mai shago kusa da tasha, yana sarin kaya a Kano, ba shi da mata, sun rabu da ta farko tun da daɗewa. Tun da na fita takaba yake turo mini saƙo. Ba ya zaƙewa. "Madam, an tashi lafiya? Ya jikin gimbiya?" Shi ke nan. Ban taɓa ce masa e ba. Ban kuma taɓa ce masa ya daina ba, don ba zan ɓoye muku ba, akwai ranakun da in ban da saƙonsa babu wanda ke tambayata yadda na kwana.

Na ɗauki hoton fankar da na takardar da ke manne a jikinta, na tura masa.

"Salam. Don Allah in za ka Kano ka duba mini irin wannan. In albashi ya shigo zan ba ka."

Nan take ya amsa. "An gama, ranki ya daɗe."

"Saƙo ne fa. Saya mini za ka yi."

"Na ji, Madam."

Na ajiye waya hankalina kwance, na ce na yi dabara. Na ci gaba da zuwa lakwal a ƙafa.

Ranar da abin ya faru na taso daga aiki da alli a hannun riga, ina sanye da tsohuwar atamfata mai ganye da hijabi ruwan ƙasa. Tun daga bakin lungu na ga takalma a ƙofar gidanmu kamar ana suna. Ina sa ƙafa a tsakar gida aka rangaɗa guɗa.

Mata ne cike a ƙarƙashin rumfa, kowa baki ja da goro. Inna ta sha lafayarta ta zuwa biki, an turara gidan. A tsakiyar sabuwar tabarma ga wani babban kwali an naɗe shi da atamfa sabuwa fil, gefensa faranti da ragowar goro da alawa. Gwaggo Ɗela, ƙanwar mahaifin Tijjani, ta miƙe ƙafa tana fifita.

"Ga ta nan! Zo nan 'yata, zo in gan ki. Ni dai tun da nake kai kayan mun-gani-muna-so a garin nan, na kai zane, na kai turare, na kai agogo, ban taɓa ɗauko ƙarfen mota a kaina ba sai yau. Wuyana har yanzu bai dawo daidai ba."

Aka kwashe da dariya. Fanna, maƙwabciyarmu kuma ƙawata, ta ce, "Gwaggo ai zamani ne. Wasu a kawo musu akwati, Madam a kawo mata fanka."

"Da na ɗauka ta ɗaki ce," in ji wata tsohuwa. "Na ce yaron nan ya san zafin bana."

Na durƙusa na gaishe su, ina murmushin dole. Sai da suka watse na bi Inna ɗaki.

"Inna, mene ne wannan? Saƙo na ba shi. Kuɗina zan biya."

Tana ninke lafaya ko kallona ba ta yi ba. "Saƙo. Namiji ya daɗe yana bin ki, ki rasa wanda za ki aika Kano sai shi, ki ce saƙo? Mace ba ta aiken wanda ba ta so, Raliya. Kuma gwaggonsa ta zo da goro har ɗakina, in ce mata me? Ta koma da shi?"

"Da kin jira ni."

"Na gaji da jira. Kullum ke da yarinya da mota. Ko kunyar 'yar fari ba ki yi, kina kiran sunanta gatsal a gaban mutane. Ni ba dawwama zan yi ba. In na mutu wa zai tsaya miki?"

"Goron duk an raba?"

"An raba. Har Guci na aika musu da nasu."

"Guci, Inna?"

"To surukanki ne, su ji a bakin duniya? Ai ba a yin haka."

Sai a lokacin ta ɗago ta ga fuskata. Na ga ta tuna. Hannunta ya tsaya a kan lafayar, ta ce a hankali, "Ai Tsoho ba zai yi ba. Magana ce ta zafin mutuwa."

Washegari saƙon murya ya shigo. Yaya Tsoho ba ya rubutu. Bayan doguwar gaisuwa, ya tambayi Inna, ya tambayi zafi, sannan ya ce, "Mun ga goro, Allah ya sanya alheri. Ba mu da ta cewa, kin yi wa ɗan uwana zaman da ya kamata. Sai ki fara haɗa wa yarinya kayanta. Zan shigo mu tsayar da rana."

Babu faɗa a muryarsa, shi ya fi tsorata ni. Mutanen Guci mutanen kirki ne, suna da nono, suna da hatsi, ba za ta yi yunwa ba. Amma a wurinsu ciwon Salima sanyin ƙashi ne da jiƙo ke korewa. Ba su taɓa ganin ya tashi ba.

Na kira Tijjani na ce ya zo zaure bayan la'asar. Ya zo cikin shadda ruwan sararin sama, da hula, turarensa ya riga shi shigowa. Ya zauna nesa da ni kamar kullum.

"Gareji na ɗauka za ka kai," na ce.

"Na sani."

"Gwaggo ce ta ƙara goron da kanta?"

Ya sunkuyar da kai. "Ni na saya. Ba zan yi miki ƙarya ba. Madam, na daɗe a tsaye. Ba ki ce in shigo ba, ba ki ce in tafi ba. Da kika turo hoton nan, wallahi ranar ko abinci ban iya ci ba don murna. Na ce a duk garin nan ni ta tuna."

"Ka san sharaɗin Yaya Tsoho?"

"Na ji ana faɗa. Na ɗauka in manya suka zauna za a daidaita. Salima 'yata ce, zan riƙe ta kamar..."

"Ba kai ke da wannan maganar ba, Tijjani. Ni ma da na haife ta ba ni ke da ita ba."

Can ya ce, "To ki sa fankar dai. Ki bar maganar aure, ki sa don yarinya."

Na san da zuciya ɗaya ya faɗa. Amma ku da kuka san garuruwanmu kun san ba haka abin yake ba. Kayan da suka zo da goro, in ba a so, yadda suka zo haka suke komawa, a ɗaure, da sabon goro a kai, ta hannun babbar mace. In ka kwance ka yi amfani da su, ka amsa. Ba wanda zai saurari cewa ai na mota ne.

Na ɗora kwalin a saman sif, da atamfarsa, ban ko leƙa ba. Na yi magana da uwar Fanna ta yarda za ta mayar in albashi ya shigo na sayi goro. Na tura wa Yaya Tsoho saƙo cewa kuskure ne, za a mayar da kaya. Ya saurara, bai amsa ba. Saƙon safe na Tijjani ma ya daina zuwa. Sai in farka in duba waya, in ajiye, in ɗora ruwan koko. Kwalin yana sama yana kallona, motar tana garejin Sallau kaji suna kwana a ƙarƙashinta.

Ana haka, wata rana ina cikin aji da hantsi Fanna ta kira.

"Raliya, taho gida. Salima ce."

Na tarar da ita a dunƙule a kan tabarma, ta rungume gwiwoyinta, kukan ma ba ya fita sosai. Na buɗe tafin hannunta, fari fat. Na ja fatar idonta, babu ja ko kaɗan. Muka ɗauke ta a zane ni da Fanna zuwa asibitin gari. Malamin asibiti ya yi mata allurar rage ciwo, ya duba ta, ya ce, "Madam, jininta ya yi ƙasa sosai. Magariya za ki kai ta, yau ɗin nan. Motarmu ta fita da mai naƙuda." Fanna ta ruga tasha ta dawo, mota ɗaya ce, fasinja biyu a ciki, direban ma ya tafi cin abinci.

Ban yi shawara da kowa ba. Na mayar da Salima wurin Inna, na taka kujera na sauko da kwalin. Inna ta bi ni da ido.

"Raliya, kin san abin da..."

"Na sani. Ki dinga ba ta ruwa da cokali."

Na yi gammo na ɗora shi a ka. Daga gidanmu zuwa gareji sai ka ratsa tsakiyar gari. Atamfar tana ƙyalli a rana, duk wanda ya ci goron ya gane ta. Masu shayi a gindin darbejiya suka daina hira. Wani ya ce, "Allah ya sanya alheri, Madam!" Wata daga soro ta yi 'yar guɗa. Shagon Tijjani a rufe, ya tafi Kano. Ban juya ba, ban amsa wa kowa ba.

Sallau ya ga kwalin, ya ga fuskata, ya sauke mini shi. Ya yanke salatif, ya ciro ta, baƙa, sabuwa, tana warin roba. Ya gwada ta a mazauninta, ta zauna daram, ya ɗaure kusoshi. Da ya zo haɗa wuta sai ya tsaya.

"Bakin wayar bai yi daidai ba. Wannan ta motocin can Kano ce, taki motar ta tashar ruwan Kwatano ta shigo. Sai na yanke na haɗa waya da waya." Ya ɗago ya dube ni. "Madam, in na yanke fa ba ta komawa ko'ina."

"Yanke."

Ya datse. Ya murɗa wayoyin, ya ce in tayar. Fankar ta ɗauka da ƙara. Ya yago leda ya kara a gaban lagireto, ledar ta yi waje tana kaɗawa.

"Kashe! Baya take juyawa, tura iska take maimakon ta ja." Ya sauya wayoyin, ya naɗe da salatif. Na sake tayarwa, ledar ta manne a jikin lagireto. Ya cika ruwa, ya buga kapo. "Allah ya ba ta lafiya. Je ki."

Ina karyo kwanar gidanmu na ga babur a ƙofa, an ɗaure malafa a bayansa. Yaya Tsoho ne. Ya shigo tsayar da rana, ya tarar da abin da ya tarar. Yana tsaye a tsakar gida da babbar rigarsa mai ƙura, yana kallon Salima, hannayensa a sake kamar bai san inda zai sa su ba.

"Yaya, sannu da zuwa. Inna ba ta iya zaman mota da gwiwarta. Ka riƙe mini ita a baya."

Ya shiga, muka shimfiɗa masa ita a cinya kan filo. Duk ramin da na faɗa sai ta yi ƙara, "Ƙafata, Mama, ƙafata," shi kuma ya ce, "Sannu uwata, sannu," yana ta salati. Ta madubi na ga gumi yana bin gemunsa. Da muka shiga yashin nan mai zurfi, idona ɗaya a hanya ɗaya a allura. Ta ɗan motsa sama. Sai na ji fankar ta ɗauka, wuuu, allurar ta dawo tsakiya ta zauna.

"Ƙarar mene ne wannan?" in ji shi.

"Fanka ce, Yaya."

"Ita ce ta mutumin?"

"Ita ce."

Haka muka ƙarasa Magariya.

Aka karɓe ta, aka sa mata ruwa, aka ce ana bukatar jini. Kafin in buɗe baki Yaya Tsoho ya naɗe hannun riga ya ce a duba nasa. Ya yi daidai. Wajen la'asar sakaliya numfashinta ya daidaita, leɓenta ya fara dawowa, ta yi barci da bakinta a buɗe. Na fito na same shi a kan benci a baranda, da auduga a gwiwar hannu, an ba shi madara ya riƙe bai sha ba. Na tsuguna gefe.

"Haka yake yi mata kullum?"

"Wani lokaci ya fi haka."

Ya ce, "Da a Guci ya same ta, a amalanke za mu ɗora ta. Da ba ta kawo yanzu ba. Na gani da idona." Zuciyata ta fara sakewa, sai ya ci gaba. "Amma maganata tana nan, Raliya. Ba ƙin ki nake ba. Ni da Khalil mun yi agolanci bayan rasuwar babanmu. Shi yana ƙarami, bai riƙe ba. Ni na riƙe. Mijin uwarmu ba mugu ba ne, kowa yabon sa yake. Amma da nasa 'ya'yan suka zo, Khalil ƙanzo yake ci. Lafiyayye ke nan. Ina ga wannan?"

"Yaya, Tijjani ba..."

"Kowa haka yake kafin nasa su zo. In kika yi aure zan ɗauke ta, ko da zan bar wa yara gona da shanu in kama haya a nan kusa da asibiti. In kina ɗakin Inna, tana hannunki har Allah ya kawo nata mijin. Ke za ki faɗa."

"An riga an yanke wayar fankar. Gari duk sun ga na ɗauka."

"A bar ta a motar. Ina da ɗan bijimi, zan kai shi kasuwar Guci. A sayo sabuwa irinta a kwalinta, da atamfa da goro, ni da kaina zan sa a mayar, in ga mai magana."

"To, Yaya. A mayar."

Ko numfashi ban ja ba kafin in faɗa. Kuma in an sake tambayata yanzu, abin da zan ce ke nan. Sai dai da maganar ta fita na ji wani wuri a ƙirjina ya yi fayau, wurin da ban san akwai wani a zaune ba sai da ya tashi. Shekaruna ba su kai talatin ba, 'yan uwa. Na lissafa shekarun da suka rage kafin Salima ta girma, na daina lissafin.

Wayata ta yi ƙara a cikin jaka. Tijjani. Na dubi Yaya Tsoho, ya kawar da kai. Na matsa jikin ginshiƙi na ɗauka.

"Madam, Sallau ya kira ni ina hanya. Ya jikinta?"

"Da sauƙi. An ƙara mata jini." "Tijjani, na sa fankarka, ita ta kawo mu, Allah ya saka maka. Amma za a mayar maka da wata sabuwa, da goronka. Ba zan iya ba. Kar ka jira ni."

Ina jin ƙarar babura a bayansa. Na ɗauka zai kashe, sai ya ce:

"Kin ci abinci yau?"

Nan ne hawayen da ban yi a gareji ba, ban yi a hanya ba, suka zubo. Na toshe baki da hijabi.

"Na san ba ki ci ba," ya ce. "Na tsallako iyaka ɗazu, ban ƙarasa Dungas ba, na tsaya nan Magariya. Ina bakin ƙofar asibiti da kwanon abinci. Ba sai mun yi magana ba, ki fito ki karɓa kawai."

Barandar shiru take, kuma wayata tana da ƙara, duk abin da Tijjani ya ce an ji. Yaya Tsoho ya ajiye madarar a kan benci. Ya miƙe a hankali yana dafa bango saboda jinin da aka ɗiba, ya saki hannun rigarsa ya rufe audugar.

"Koma wurin 'yarki," ya ce. "Ni zan je in karɓo."